MU DA 'YAN KWANA-KWANA

Wani dare cikin hunturu, wajen ƙarfe ɗaya, muka ji ihu a bayan layinmu: "Gobara! Gobara! Jama'a ku kawo ɗauki!" Muka fita a guje, wani da bokiti, wani da daro, wani kuwa hannu rabbana. Shagon wani tela ne ya kama. An ɗauke wutar lantarki da yamma, ya rufe shago bai kashe dutsen guga ba. Da aka kawo wuta cikin dare, sai tsummoki suka kama.

Aka kira 'yan kwana-kwana. Mun ji jiniyarsu tun daga bakin titi, amma aka daɗe motar ba ta iso ba. Wani ya jibge yashin gini a bakin lungu. Wani ya ajiye motarsa a hanya ya tafi ya kwanta. Ga kuma 'yan kallo sun cika ko'ina. Da ƙyar ta shigo, ta yi feshi kaɗan, sai ruwa ya ƙare. Samari suka fara zagi, har wani ya ɗauki dutse. Shaguna huɗu suka ƙone ƙurmus. Mun gode Allah ba a rasa rai ba.

Da gari ya waye kowa yana cewa 'yan kwana-kwana ba su da amfani. Amma da muka zauna muka yi tunani, sai kunya ta kama mu. Yashin nan namu ne. Motar da ta tare hanya ta maƙwabcinmu ce. 'Yan kallon kuma 'ya'yanmu ne. Ashe rabin aikin kashe gobara a hannunmu yake, tun ba a kira kowa ba.

WUTA BA TA JIRA

Abu uku wuta take bukata: zafi, da abin da za ta ci, da iska. In ka raba ta da ɗaya daga cikinsu sai ta mutu. Ruwa yakan kashe zafi. Yashi ko jiƙaƙƙen bargo yakan toshe mata iska. Janye kaya daga kusa kuwa yakan hana ta abinci.

Da hunturu dukan ukun nan sukan taru. Katako da ciyawa da tufafi sun bushe ƙayau, iska tana busowa, mutane kuma suna shiga ɗaki da garwashi don jin ɗumi, ko su jona hita su manta. Shi ya sa manyan gobarar kasuwanninmu sukan faɗo da rani. Babbar Kasuwar Jos ta Taminus ta ƙone cikin watan Fabrairu 2002, aka yi shekara fiye da 20 ba a sāke gina ta ba. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta kama cikin Maris 2016, dubban shaguna suka tafi. Babbar Kasuwar Sakkwato kuma ta kama cikin Janairu 2021. Bayan kowane shago akwai iyali, da kuɗin makarantar yara, da jarin da aka yi shekaru ana tarawa.

ME YA SA RUWANSU YAKAN ƘARE?

Aikin kwana-kwana a Nijeriya ya fara a Ikko cikin 1901, a ƙarƙashin 'yan sanda. Cikin 1963 aka yi dokar da ta ba shi hukumar kansa. Yanzu akwai na Gwamnatin Tarayya, jihohi kuma suna da nasu. Ba kashe wuta kaɗai suke yi ba. Su ake kira in yaro ya faɗa rijiya, ko wani ya nutse a kududdufi, ko gini ya rufta, ko mota ta danne mutane.

Kayan aikinsu su ne mota mai tanki da injin tura ruwa, da mesa, da tsani, da gatari, da hular kwano, da riga mai jure zafi, da tukunyar iska ta shaƙa wadda akan goya don shiga cikin hayaƙi. Akwai kuma kumfa ta musamman ta kashe wutar mai. Duka kayan tsada ne, galibi kuma daga ƙasashen waje ake sayo su.

To, bari mu yi ɗan lissafi. A ce mota tana ɗauke da ruwa lita 4,000, wato duro 20. Da yawa ne a idonmu. Amma in mesa guda tana fitar da lita 400 a minti ɗaya, cikin minti 10 tanki ya ƙafe. In an buɗe mesa biyu, minti 5 ke nan. Ba a yi motar don ta kashe babbar gobara da ruwan cikinta kaɗai ba. Ruwan nan na fara yaƙi ne, kafin a jona ta da wani ruwa. A biranen da aka tsara sosai, akwai bakin famfo na musamman a gefen titi saboda wannan. A yawancin unguwanninmu babu, inda yake kuwa sau da yawa famfon a bushe yake. Dole motar ta koma ɗibo ruwa, wuta kuwa ba za ta zauna jiranta ba. Saboda haka in mun ga mota ta juya ta tafi, ba gudu ta yi ba.

WA ZAI BIYA?

Hakkin gwamnati ne ta sayi motoci, ta zuba mai, ta biya ma'aikata, ta gina tashoshi kusa da jama'a. Daidai ne mu tambayi kansila da ɗan majalisarmu abin da aka ware don wannan aiki, da inda ya shiga. Amma tarihin waɗansu ƙasashe ya nuna mana mutanen gari ba su naɗe hannu suna jira ba.

Cikin Satumba 1666 wuta ta tashi daga gidan wani mai gasa burodi a birnin Landan. Ta yi kwana huɗu tana ci, ta cinye gidaje fiye da 13,000. Bayan wannan, kamfanonin inshora suka kafa nasu 'yan kashe wuta, suna manna alamarsu a bangon gidan wanda ya biya. Sai a 1866, bayan shekara 200, birnin ya sami rundunar da hukuma take riƙewa domin kowa da kowa.

A Amurka kuwa, cikin 1736, Benjamin Franklin ya tara maƙwabta wajen 30 a birnin Filadelfiya, suka kafa ƙungiyar sa kai. Kowane mutum ya tanadi gugan fata na ruwa da jakunkuna na kwashe kaya, ya ajiye a shirye. Sukan taru wata wata. Wanda bai zo taro ba sai ya biya tara, da kuɗin taran nan suka riƙa sayen tsani da ƙugiya da injin ruwa. A Jamus ma, wajen mutum miliyan 1 ne suke aikin kashe gobara na sa kai, manoma da makanikai da malamai. In an yi kira sai su bar aikinsu su ruga.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Mun san gayya, mun san adashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Unguwar da take iya tara kuɗin gyaran taransifoma ko biyan 'yan sintiri, tana iya tara na waɗannan:

1. Duro biyu ko uku cike da ruwa, a rufe saboda yara da sauro, da bokitan yashi a kowane layi.
2. Tukunyar kashe wuta, irin ja ɗin nan mai gari a ciki, a makaranta, da majami'a, da injin niƙa, da kowane layin kasuwa. A riƙa duba allurarta, ta kasance a kan kore. In an yi amfani da ita ko lokacinta ya wuce, a kai a sāke cikawa.
3. Tsani dogo guda, da gatari, da ƙarfen ɓalle ƙofa, a gidan mai unguwa ko wani gidan da kowa ya sani.
4. Yarjejeniya da masu rijiyar burtsatse da manyan tankuna, cewa ranar gobara za su buɗe wa motar kwana-kwana ba tare da ciniki ba. A sa 'yan garuwa ma cikin shawara.

Sa'an nan a je tashar kwana-kwana mafi kusa, a gaishe su, a karɓi lambar wayarsu, a gayyace su su zo su koya wa matasa da zumuntar mata yadda ake riƙe tukunyar nan. Koyar da jama'a yana cikin aikinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

LADABIN WURIN GOBARA

Na fari, a kira da wuri. Mukan tsaya muna fama da bokiti, sai abu ya fi ƙarfinmu sa'an nan mu tuna da waya. Mutum ɗaya ya kira tun da fari, saura su ci gaba da ƙoƙari. A Nijeriya lambar gaggawa 112 ce, kyauta, a Nijar kuwa 18. Amma a ajiye lambar tashar garinku ma. Mai kira ya natsu, ya faɗi unguwa, da wata alama da kowa ya sani, da abin da yake ci, da ko akwai mutum a ciki. A tsayar da saurayi a bakin titi ya nuna wa mota hanya. A kuma kwaɓi yara kada su yi kiran ƙarya, gama motar da ta tafi inda ba wuta, an hana wani gida ita.

Na biyu, in mun ji jiniya muna tuƙi, mu ratse gefe mu tsaya. Kada mu bi bayan motar da gudu don mu ma mu sami hanya. Kada a taka mesa da mota ko babur, gama takan fashe.

Na uku, wanda ba shi da aikin yi ya ja da baya. Wurin gobara ba dandalin kallo ba ne, ba kuma wurin ɗaukar hoton mutane cikin baƙin cikinsu ba. In ma'aikata sun iso, a gaya wa shugabansu abin da aka sani, kamar inda tukunyar gas ko jarkar fetur take, sa'an nan a bar shi ya ba da umarni. Kada a ƙwace mesa daga hannunsu. Mai jifansu kuwa, gilashin da ya fasa na motar da za ta zo gidansa ne gobe.

Na huɗu, kayan da aka fid da daga wuta amana ne. Dattawa biyu su tsaya a kansu. Abin kunya ne mutum ya tsira daga wuta, sa'an nan maƙwabta su ƙarasa shi.

Na biyar, in tankar mai ta faɗi, a gudu nesa, a kori yara. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan bi ƙasa da kwata ya yi nisa, ƙyastu ɗaya ya isa. A Yamai cikin Mayu 2019 mutum fiye da 50 suka mutu ta haka. A garin Majiya na Jihar Jigawa cikin Oktoba 2024, fiye da 150. A mararrabar Dikko ta Jihar Neja cikin Janairu 2025, fiye da 80. Yawancinsu sun je ɗibar mai ne. Mun san akwai talauci, amma babu jarkar da ta kai ran ɗa.

A CIKIN GIDA

Iyaye, ku tara yara ku koya musu waɗannan. In mai ya kama a tukunya, kada a zuba ruwa, sai a kashe risho a rufe da murfi. In wutar lantarki ce, a kashe daga mita tukuna. In an ji warin gas, kada a ƙyasta ashana ko a taɓa makunni, a rufe tukunyar a buɗe tagogi. In riga ta kama, kada a yi gudu, a kwanta a yi birgima. Hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, yakan kuma tashi sama, don haka a fita da rarrafe. Wanda ya fita kada ya koma don kuɗi ko takarda. In an ƙone, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, sa'an nan a tafi asibiti. Ban da ɗanyen ƙwai, ban da manja, ban da man goge haƙori.

Ku dubi tagoginku kuma. Ƙarfen da muka sa don ɓarawo yakan tsare mai gida ranar wuta. Kowa a gida ya san inda makulli yake kwana, har ƙaramin yaro.

Mu dai a layinmu an kwashe yashin nan, an sayi duro uku, lambar tashar kuma tana rubuce a bangon shagon telan da aka sāke ginawa. Magabata sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Namu ya riga ya kama, masu karatu. Kafin hunturu mai zuwa, ku fita ku dubi lungunku, ku tambayi kanku ko motar kwana-kwana za ta iya shiga, in ta shiga kuma ina za ta sami ruwa.