Me ya sa manhajar ƙirga kalori ke yin kuskure a kan almon?

Idan kana amfani da manhajar ƙirga kalori a wayarka, shigar da giram 28 na almon, wato kusan ƙwaya 23. Za ta nuna maka kalori 160 zuwa 170. Amma a binciken da Ma'aikatar Noma ta Amurka ta fitar a 2012, an gano cewa abin da jiki ke samu bai wuce kalori 129 ba. To ina sauran suka tafi?

Amsar tana cikin ƙwayar almon ɗin. Idan aka yanka ta siriri sosai aka sa a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu, za ka ga ɗakuna birjik a manne da juna kamar saƙar zuma. Kowane ɗaki ƙwayar halitta ce guda, faɗinta kusan maikuromita 35, wajen rabin kaurin gashin kai kenan. A ciki akwai ɗigon mai ƙanana ƙwarai, kowanne da 'yar rigarsa ta furotin da ke hana su haɗewa. Kusan rabin nauyin almon mai ne, duk da haka ba ya maiƙo a hannu, saboda man a kulle yake.

Bangon ɗakunan nan shi ne sirrin. An gina shi da zare irin wanda cikin ɗan Adam ba shi da sinadarin narkar da shi. Haƙori yana fasa ɗakunan da ya ci karo da su ne kawai. Waɗanda ke tsakiyar gutsuren da ka haɗiye suna wucewa da mansu a rufe, wasu har su fita a bayan gida. Ita kuwa manhajar lissafi take yi kawai, kalori 9 a kowane giram na mai, ba ruwanta da ko ka tauna.

Masu yin ƙuli-ƙuli sun daɗe da sanin wannan a aikace: gyaɗa ba ta ba da mai sai an soya an niƙa ta. Haka ma almon. Wani binciken na 2016 ya nuna idan an markaɗa shi ya yi laushi kamar tunkuza, lissafin manhajar yakan yi daidai.

Gilashin da ake maƙalawa a kyamarar waya zai nuna maka jijiyoyin jar fatar almon tarar, amma ɗigon man ya fi ƙarfinsa, kar ma ka ɓata kuɗinka don haka.