Gyambon Kwanciya: Majinyaci Ma Yana da Ta Cewa

Idan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da dattijo a ƙauye irin Garbadu, cikin ƙasar Talata Mafara, wata cutar takan biyo baya a ɓoye. Nauyin jiki yakan danne ƙananan hanyoyin jini a ƙugu da diddige da kafaɗa, fata ta rasa iska da abinci, ta yi ja, daga bisani ta ɓarke. Wannan shi ne gyambon kwanciya, wanda kan ci nama har ya kai ga ƙashi.

An daɗe likitoci kaɗai ke zaɓar abin da za a bincika a kansa. Amma a Ingila, ƙungiyar James Lind Alliance, wadda aka kafa a 2004, ta haɗa majinyata da masu jinyarsu da ma'aikatan lafiya, suka fitar da tambayoyi 12 mafi muhimmanci a 2013. Cikinsu har da amfanin juya marar lafiya a kan shimfiɗa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da ke juya mijinta duk bayan awa 2 a kan tabarma, cikin zafin bazara, tana da ilmin da ya kamata mai bincike ya zauna ya saurara.