Ƙarin Ƙoda Marar Daji a Jikin Yara



A ƙauye irin Zakka, cikin ƙasar Safana, uwa ce kan fara jin tauri a gefen cikin jariri sa'ad da take yi masa wanka. Sau da yawa sai a ce saifa ce. To, wani lokaci ƙari ne a ƙoda. Ba kowane ƙarin ƙoda ne daji ba, amma fa hannu ba ya iya rarrabewa.

Abin da likita kan fara tambaya shi ne shekarun yaro. Ƙarin Wilms, watau dajin da Max Wilms ya bayyana a 1899, ya fi kama 'yan shekara 3 zuwa 4. Ga jaririn da bai wuce wata 3 ba kuwa, wanda aka fi samu shi ne mesoblastic nephroma, wanda Bolande da abokan aikinsa suka bayyana a 1967. Na'urar duban ciki takan nuna shi dunƙule guda mai tauri. A ƙarƙashin madubin likita kuma sai a ga ƙwayoyi dogaye sirara, sun sarƙe kamar saƙar tabarma, sun kutsa cikin lafiyayyen nama ba tare da wata jaka da ta killace su ba. Saboda haka ake cire ƙodar ɗungum, kuma galibi magani ya ƙare ke nan.

Na biyu shi ne cystic nephroma. Hotonsa kamar saƙar zuma yake: ɗakuna cike da ruwa, da bango siriri a tsakaninsu. A nan ne hoto ke gazawa, domin akwai wani ƙari mai kama da shi sak, wanda ƙwayoyi marasa nuna irin na Wilms ke ɓoye a cikin bangonsa. Sai an yanka naman an duba sa'an nan a san wanne ne, a kuma san irin kulawar da yaro zai bukata bayan tiyata.

Hoto yakan ba da zato, nama shi ke yanke hukunci. Don haka in an ji irin wannan tauri, kada a tsaya tsaga ko jiƙo. A kai yaro asibiti mafi kusa, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Ƙoda ɗaya lafiyayya ta ishi mutum rayuwa. Jinkiri ne abin tsoro, musamman in ƙarin ya zamana na Wilms.