Sirrin Gida da Kujerar Mulki: Gaskiya ko Jita-jita?

Rabon mutanen Dogo-Dogo da zaɓen kansiloli tun 13 ga Disamban 2020. A watan Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun ƙananan hukumomi ta naɗa masu riƙo, a Maris na 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Duk da haka hirar shugabanni ba ta mutu ba, a nan ko a Dungas ko a Magarya. Da zarar an ambaci sunan wani da ake ganin zai iya riƙe gari wata rana, kafin a zo kan aikinsa an riga an shiga gidansa: ya saki wance, yana neman wance, an ga babur ɗinsa a ƙofar wance bayan isha'i. Yanzu da babu zafin kamfe, muna da sararin da za mu duba wasu maganganun da muka saba faɗa a kan wannan batu, mu ga wanne ke da tushe.

"Ruwa ba ya tsami banza, tunda ana faɗa, akwai abin da ya faru"

Lalle ruwa ba ya tsami sai da dalili, amma sau da yawa dalilin shi ne wani ya jefa masa tsamiya da gangan. Yawan masu faɗar magana shaida ce ta yadda ta yaɗu kawai, ba ya tabbatar da ita.

Misali yana nan kusa da mu, a tsallaken iyaka. A watan Oktoban 2024 Hukumar Hisba ta Kano ta kama Auwal Danladi Sankara, kwamishinan ayyuka na musamman na jihar Jigawa, bisa zargin alaƙa da matar aure, Gwamna Umar Namadi kuma ya dakatar da shi. Cikin 'yan kwanaki labarin ya cika wayoyi. A watan Nuwamba babbar kotun shari'ar Musulunci a Kano ta sallame shi saboda rashin hujja, gwamna ya mayar da shi bakin aiki. Mu da muke cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, mu tambayi kanmu: labarin kamun ne ya fi isa kunnenmu ko na sallamar?

Akwai dalilan da suka sa wannan irin zargi ya fi kowane gudu. Mai son ya ce wane ya ci kuɗin haraji yana bukatar lissafi da takarda. Mai son ya ce an ga wane da wance ba ya bukatar komai sai saƙon murya na minti ɗaya a WhatsApp, wanda ko marar karatu zai saurara ya tura gaba. Wanda aka zarga kuwa ba shi da hanyar nuna cewa bai je inda aka ce ya je ba. Kunya ta hana shi tsayawa a bainar jama'a ya yi bayanin abin da ya shafi iyalinsa, sai a ɗauki shirunsa a matsayin amsa laifi. Sannan mafi yawan masu turawa ba mugaye ba ne. Suna jin kishin addini suke yi, suna gargaɗin 'yan uwa.

Addinin da muke kishi shi ne ya fi kowa tsanantawa a nan. Hukuncin ƙazafi a Suratun Nur sananne ne: wanda ya jefi wani da zina bai kawo shaidu huɗu ba, bulala tamanin ce a kansa, kuma a daina karɓar shaidarsa. A cikin wannan sura aka wanke Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, daga ƙagen da munafukai suka ƙirƙira a Madina, kuma cikin waɗanda suka taya yaɗa shi har da Musulmi na kirki da suka ji suka maimaita. Dokar ƙasa ma ba ta bar mai turawa ba. Nijar ta kafa dokar laifukan intanet a 2019, a watan Yunin 2024 kuma aka dawo da hukuncin ɗauri ga wanda ya ɓata sunan wani ta wannan hanya.

"Abin da mutum ya yi a gidansa bai shafi kowa ba"

Rabin wannan magana gaskiya ne. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, dokar laifuka ta Nijar kuma, ko da yake ta ɗauki cin amanar aure laifi, ta bar wa mijin ko matar da aka cuta ne haƙƙin kai ƙara. Mai zaɓe ba alƙali ba ne, ba kuma ɗan leƙen asiri ba.

Inda maganar ta karye shi ne wurin da kujera ta shiga cikin lamarin. Mu duba abin da ke hannun magajin gari, ko mai riƙon kujerarsa, a ƙaramar hukuma irin tamu. Ofishinsa ke ba da takardar haihuwa da ta aure, shi ke shugabantar kwamitin filaye da gonaki, yana da baki wajen tsara sunayen waɗanda za su samu hatsin tallafi lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kafin kaka. A ce bazawara ce ta taso daga ƙauye da goyo a baya, ta wuni a bakin ofis tana jiran a sa sunanta, sai wani mai iko ya rage murya ya ce mata: "Yau takardun ba sa kusa, ki same ni gida da daddare mu yi magana." Wannan ba sirrin gidansa ba ne. Ya mayar da hatsin jama'a tarko, kuma duk mai haƙƙi a wannan hatsi abin ya shafe shi. Haka malamin da ya zama ɗan siyasa yana da tarihin lalata da ɗalibai, haka wanda ke biya wa farkarsa haya da kuɗin harajin kasuwa.

Magabata sun fahimci wannan iyaka. A Kitabul Farƙ, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa laifukan sarakunan zamaninsa, ya sa ɗaukar matan da suka ga dama ba tare da ɗaurin aure ba a jeri ɗaya da harajin zalunci da cin hanci. Ya ɗauke shi salon mulki ne, domin da ƙarfin sarauta ake yin sa.

Wasu kan ce ai Faransawa sun waye, ba ruwansu da wannan. Labarin tsohon shugabansu François Mitterrand ya nuna tsadar wannan shiru. Yana da 'ya, Mazarine, da aka haifa a 1974 ba tare da aure ba, manyan 'yan jarida sun sani suka yi gum har sai da mujallar Paris Match ta buga hotonta a Nuwamban 1994. Daga baya jama'a suka gane cewa ita da mahaifiyarta suna zaune a gidan gwamnati da masu gadin gwamnati, kuma wani sashen tsaro na fadar shugaban ya riƙa satar sauraron wayoyin mutane, ciki har da marubuci Jean-Edern Hallier da ke barazanar tona asirin. A 2005 kotu a Paris ta hukunta wasu jami'an da suka yi wannan aiki. Yarinyar ba ta da laifin komai. Abin da ya shafi talakan Faransa shi ne dukiyarsa da jami'an tsaronsa da aka sa gadin sirrin mutum ɗaya.

"Wanda ya ci amanar matarsa dole ya ci amanar jama'a"

Ba mu raba hali da shugabanci, kuma ba mu ce zina ƙaramin abu ce ba. Mai zaɓen da ya tabbatar da fasiƙancin ɗan takara ya ƙi ba shi ƙuri'a, yana kan haƙƙinsa. Kuskuren yana cikin mayar da wannan ma'auni shi kaɗai, domin daga nan sai mu juya shi mu ce duk wanda ba a taɓa jin kansa da mace ba amintacce ne. Ta wannan ƙofa ɓarayi da yawa suka shige.

A 2020 binciken da aka yi a ma'aikatar tsaron Nijar ya gano asarar kimanin sefa biliyan 76 ta hanyar ƙara farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Wannan ya fito ne jim kaɗan bayan an kashe sojoji 71 a Inates da 89 a Cinagodar. Babu ko ɗaya cikin wannan ɓarna da za a iya ganowa ta hanyar leƙa ɗakin kwanan wani. A Ikwatoriyal Gini kuma, lokacin da bidiyoyin batsa na Baltasar Ebang Engonga suka bazu a ƙarshen 2024, har a wayoyinmu, kaɗan ne suka lura cewa shugaban hukumar binciken kuɗi ne da ke tsare bisa zargin wawure dukiyar ƙasa. A 2025 aka ɗaure shi shekara takwas a kan kuɗin, amma abin da ya zauna a bakin mutane bidiyon ne, matan da fuskokinsu suka fito kuma su suka kwashi kunyar.

In har gidan mutum za mu duba, akwai abin da yake a fili kuma ya fi kusa da aikin mulki. Yana ciyar da 'ya'yan matar da ya saka? Da aka ba shi riƙon gonar marayun ɗan uwansa, ya mayar musu da suka girma? Yana biyan bashi? Waɗannan maƙwabta sun gani da idonsu, wasu ma an yi zamansu a gaban mai gari ko alƙali. A nan ne ake ganin yadda mutum ke yi da wanda ba shi da ƙarfin rama masa.

Yawan mata kuwa ba ya cikin wannan lissafi. Marigayi Tanja Mamadu da Mahamadu Isufu kowanne ya yi mulki da mata biyu da ƙasa ta sani, ba wanda ya kira wannan cin amana. Tambayar da shari'a ta yi wa mai mata da yawa ita ce ta adalci a tsakaninsu.

"Faɗin halin ɗan takara giba ce, ko da gaskiya ne"

Malamai ba su ce haka ba. Imamu Nawawi, a Riyadus Salihina, ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, daga ciki akwai kai kukan wanda aka zalunta, da yi wa Musulmi gargaɗi game da wanda za su ba amana. Sharaɗin shi ne ka san abin da kake faɗa, ka tsaya iya bukata, kuma nasiha ce ta kai ka ba gaba ba. Matar da aka nemi yi wa tarko da hatsi, in ta faɗa wa dattawa, ba giba ta yi ba. Wanda ya ji a majalisar shayi ya ƙara gishiri ya tura, shi ne ya faɗa cikin haramcin. Masu iko sun fi kowa son a ruɗa waɗannan biyu, domin ruɗanin yana rufe bakin wanda aka cuta.

"Irin wannan zargi, masu zaɓe ne ke yanke hukuncinsa"

Tarihinmu na kusa ya nuna akasin haka. A 2014 aka buɗe shari'ar jariran da aka ce an sayo daga Najeriya, wadda ta shafi manyan mutane da matansu, ciki har da marigayi Hama Amadu, shugaban majalisar dokoki a lokacin. Ya fice zuwa Faransa a watan Agusta, ya dawo a Nuwamban 2015, aka kama shi a filin jirgi aka kai shi kurkukun Filinge. Daga can ya yi takarar shugaban ƙasa a Fabrairun 2016, ya zo na biyu da kusan kashi 18 cikin ɗari. A Maris na 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, wannan hukunci ne kuma ya sa kotun tsarin mulki ta hana shi takara a 2020. Shi dai ya musanta zargin, ya ce siyasa ce.

Cinikin jarirai, in ya tabbata, laifi ne babba da ba za a ɓoye shi a bayan sirrin iyali ba. Amma mu lura da yadda muka karɓi lamarin a lokacin: magoya bayansa ba su yarda da komai ba, abokan hamayyarsa sun yarda da komai, ƙalilan ne suka nemi sanin abin da ke cikin takardun shari'ar. Yawancinmu jam'iyyar mutum muke fara dubawa, sannan mu yanke ko za mu gaskata abin da aka ce game da gidansa.

"Mace da namiji ma'auni ɗaya ake yi musu"

Wannan ita ce ta fi nisa da gaskiya. Namijin da aka zarga yakan yi 'yan watanni a ɓoye ya dawo, wani lokaci ma abokai su mayar da abin raha. Mace kuwa ba ta bukatar ta aikata komai. Ya isa a ce ta hau motar kamfe da maza, ko ta kwana a Damagaram wajen taro. Tun zamanin Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar NEPU da aka sha ɗaurewa a kan siyasa, ake jifan matan jam'iyya da sunan karuwai, kuma har yau makamin bai dushe ba.

Nijar ta kafa dokar ware wa mata kaso a 2000, da kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Doka ta buɗe ƙofa, amma ba ta iya hana saƙon murya isa kunnen miji ko suruka. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibitin da ta san matsalar ƙauyuka ciki da bai, da ta ji an fara kiran sunanta a majalisa, sai dangi su taru su ce ta janye don mutuncin gida. Jam'iyya kuma, a lokacin da ake zaɓe, don cika sharaɗin doka, sai ta rubuta sunan wata da aka san ba za ta ce uffan ba a zaman majalisa. Haka maganar rijiyar da ta ƙafe da ɗakin haihuwar da ba shi da ungozoma ke rasa mai tayar da ita ranar da ake raba kasafin ƙaramar hukuma.