Wace Makaranta Za Mu Kai Yaron Nan?



Shirin yau yayata ce ta jawo shi. Ɗanta na fari ya cika shekara shida, sai ta kira ni ta ce, "Kai ɗan boko, ai sai ka zo ka zaɓa wa ɗanka makaranta." Na ce, "To Yaya, an gama." Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Sati biyu na yi ina yawo.

Wadda muka fara zuwa makarantar kuɗi ce a unguwarsu. Fenti ras, yunifom har da lakataye, suna kuwa na Turanci mai tsawon gaske. Na roƙi hedimasta ya bar ni na shiga aji huɗu. Na ɗauki littafin wani yaro, na buɗe shafin da ba su kai ba, na ce ya karanta min layi biyu. Wallahi yaron nan ya kasa. Amma da na koma shafin da suka yi jiya, sai ya zubo shi kamar ruwa. Hadda ce kawai. Tun daga ranar, duk makarantar da na shiga wannan gwajin nake fara yi, kuma ina ba ku shawara ku riƙa yin sa. Minti biyar ya isa.

Ba wai ina kushe makarantun kuɗi ba ne, akwai nagari sosai. Abin dubawa shi ne malamai. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, to ka tambaya malamai nawa ne ke da ita, kuma shekara nawa suka yi a wurin. Inda albashi bai taka kara ya karya ba, malami yana samun wani aikin zai gudu, sai ka ga aji ɗaya ya canza malami uku a shekara.

Sai maganar aljihu, wadda mutane ke jin kunyar yi. Kada ka lissafa kuɗin zango ɗaya. Zango uku ne a shekara, firamare shekara shida, ka ga zango 18 ke nan, ban da littattafai da kuɗin adaidaita sahu kullum. Sannan akwai ƙannensa da ke tafe. Na sha ganin yaran da ake kora gida saboda bashin makaranta, su yi wata guda a zaune, daga baya a mayar da su ta gwamnati a tsakiyar shekara. Wannan jeka-ka-dawon ya fi illa a kan a ce tun farko an sa shi inda za a iya ɗorewa.

Makarantar gwamnati fa? Dokar UBE ta 2004 ta ce firamare shida da ƙaramar sakandare uku kyauta ne kuma dole. Sau da yawa malamanta ma sun fi na kuɗi takardu. Matsalar cunkoso ce. Idan ka leƙa ka ga yara a ƙasa har bakin ƙofa, ka san sai ka ƙara da koyarwa a gida. Kuma kada a manta, makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a Kano a 1977 na gwamnati ne, ga likitoci da injiniyoyin da suka yaye.

Ɓangaren addini kuwa, yanzu akwai makarantun da suka haɗa boko da haddar Alƙur'ani. Tsari ne mai kyau, amma ka tambayi ƙarfe nawa ake tashi. Yaro ɗan shekara shida daga bakwai na safe har biyar na yamma, anya kuwa? Idan da sakandare, ka tambaya ko suna da rajistar WAEC ko NECO ko NBAIS da sunansu, ko kuwa sai an kwashi ɗalibai zuwa wata makarantar.

Makarantar kwana ba ma mu tsaya a kanta ba, ya yi ƙanƙanta.

Abu ɗaya da ban yi tunaninsa ba sai da Yaya ta tuna min: banɗaki da ruwan sha. Ita duk inda muka je can take fara nufa, ni ina ofis ina ta tambayar manhaja.

Daga ƙarshe wata ƙaramar makarantar al'umma muka zaɓa, tafiyar minti goma a ƙafa. Ginin ba wani abin a zo a gani ba ne, amma 'yan aji uku sun karanta min shafin da na buɗe. Da yamma yana zuwa Islamiyyar layinsu. Mijin Yaya dai har yanzu yana mitar makarantar nan mai lakataye, mun yi da shi ƙarshen zango na biyu zan sake zuwa da littafi na gwada yaron a gabansa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.