Haraji da Rabon Dukiya Bayan Mutuwar Aure: Nazari a kan Dokar Amurka

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Amurka, idan aure ya mutu, akan raba dukiyar da ma'aurata suka tara a zamansu, ko dai ta hanyar sulhu ko kuwa da hukuncin kotu. Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa rabon da ya yi daidai a rubuce ba lalle ne ya zo daidai a hannu ba, saboda harajin da ke maƙale da wasu kadarori.

2.0 Asalin Matsalar

A shekarar 1962 Kotun Ƙolin Amurka ta yi hukunci a shari'ar Davis, wani magidanci da ya miƙa wa matarsa hannun jari 1,000 na kamfanin DuPont domin ta yafe haƙƙoƙinta na aure. Kotun ta ɗauki wannan tamkar ciniki ne, watau ya sayar da jarin, don haka wajibi ne ya biya haraji a kan ribar da jarin ya yi tun ranar da ya saye shi. Ga shi kuwa ko sisi bai shiga aljihunsa ba.

Majalisar Dokokin ƙasar ta gyara wannan a 1984 da sashe na 1041 na dokar haraji. Bisa ga sashen, babu haraji a kan kadarar da ɗaya ya miƙa wa ɗaya, muddin an yi haka cikin shekara guda da rabuwa, ko kuwa rabuwar ce dalilin miƙawar.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Sai dai fa dokar jinkirta harajin ta yi, ba ta yafe shi ba. Wanda ya karɓi kadara ya gaji asalin kuɗin da aka saye ta, kuma da shi za a lissafa riba ranar da ya sayar.

Alal misali, mu ƙaddara miji ya ɗauki tsabar kuɗi dala 200,000, matar kuma ta ɗauki hannun jari mai darajar dala 200,000 wanda aka saya dala 50,000. In ta sayar, ribar dala 150,000 ce. Idan harajinta kashi 15 cikin ɗari ne, za ta biya dala 22,500, abin da zai rage mata shi ne dala 177,500. Shi kuwa mijin nasa na nan cif.

Haka abin yake ga gidan zama. Ma'aurata da suka sayar da gida tare ana ɗauke musu haraji a kan riba har dala 500,000, amma mutum guda dala 250,000 kaɗai, da sharaɗin ya mallaki gidan, ya kuma zauna cikinsa shekara 2 daga cikin 5 na ƙarshe.

Har ila yau, sassaucin 1984 bai shafi wanda ba ɗan ƙasa ba ne kuma ba mazaunin Amurka ba. Mijin da ya miƙa kadara ga irin wannan matar, a ce tana zaune a Kano ko Kumasi, harajin ribar yana wuyansa nan take.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa darajar kadara a kasuwa ba ita ce ainihin darajarta ga mai karɓa ba. Ya kamata alƙalai da lauyoyi da masu sulhu su nemi takardun saye na kowace kadara, su cire harajin da ke jiran ta, sa'an nan su yi rabo.