Ciwon Gwiwa: Sinadaran Da Ke Cin Guringuntsi Da Masu Taka Musu Birki

Mai karatu, idan gwiwarka ta fara ƙara in za ka yi sujada ko hawa bene, za ka ji ana cewa tsufa ne, ƙashi ya goge. Sai dai guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙashi ba ƙasan takalmi ba ne. Abu ne mai rai da ake rusawa ana sake ginawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ke da wannan ciwon gaɓɓai, miliyan 365 daga ciki a gwiwa.

Guringuntsi saƙa ce ta zaren kolajin, cike da wani sinadari mai riƙe ruwa kamar soso, wai shi agirikan. Ƙwayoyin halittar cikinsa na fitar da enzayim masu aikin almakashi: ADAMTS-5 na yanka soson, MMP-13 na tsinka zaren. A wutsiyar talibambam aka fara gano irin wannan almakashi a 1962, domin da shi wutsiyar ke narkewa ya zama kwaɗo.

Jikinka bai sake su sakaka ba. Akwai sunadarai huɗu da ake kira TIMP, masu manne wa enzayim su hana shi yanka, kuma TIMP-3 na iya tare duka biyun. Ciwo na farawa ne idan almakashi suka rinjayi masu tsaro. Soson da aka rasa jiki na iya mayarwa, amma zaren kolajin in ya tsinke da wuya ya dawo, ga shi guringuntsi ba shi da jijiyar jini.

An gwada magungunan toshe MMP, sai suka jawo sandarewar gaɓɓai da ciwon kafaɗa, aka jingine su. Don haka ka yi hattara da mai tallan ƙwayar da wai ke "sake gina guringuntsi".

Abin da ke hannunka shi ne nauyi da motsi. Kitse na fitar da sinadaran kumburi masu zuga almakashin nan, kuma kilo ɗaya da ka rage na sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Tafiya daidai gwargwado da ƙarfafa naman cinya na taimakawa; kwanciya kullum raunana guringuntsi take yi. In gwiwa ta kumbura, ta yi zafi tare da zazzaɓi, kada ka tsaya shafa man zafi, garzaya asibiti a ranar.